Koren Ruwa: Abincin Kifi Na Kyauta Da Ya Taɓa Kashe Mini Karfasa A Dare Ɗaya



Akwai tambayar da kusan kowane mako sai wani ya turo mini ita: "Malam, ruwan kandamina ya koma kore shar, in zubar ne ko in bar shi?" Wasu kuma nasu akasin haka ne, sun ji an ce koren ruwa abinci ne, suna neman yadda za su mayar da nasu kore. Duka biyun ba a amsa su da "e" ko "a'a" kawai. Koren nan da kuke gani halittu ne masu rai, suna ci, suna numfashi, suna hayayyafa, suna mutuwa. Wanda ya san halinsu zai rage kuɗin abinci. Wanda bai sani ba, su ne za su kashe masa kifi yana barci. Ni na ɗanɗani duka biyun, shi ya sa yau na ce bari mu zauna mu yi maganar a tsanake. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Asubar da ba zan manta ba

Bayan na gama bautar ƙasa na dawo gida Rano, na haƙa kandamin ƙasa a fadamar kawuna ta wajen hanyar Kibiya, tsawo mita 15, faɗi mita 10. Na zuba karfasa 450 da 'yan tarwaɗa kaɗan don su riƙa cinye 'ya'yan da karfasar za ta haifa. Kawu yana da ɗakin kaji masu ƙwai, kashi ya taru ba a san yadda za a yi da shi ba. Ni kuma na karanta a makaranta cewa kashin kaji yana haifar da abincin kifi a ruwa. Abin da ban riƙe ba shi ne awo. Na ɗauka in kaɗan yana da amfani, to da yawa ya fi. Na juye buhu huɗu a cikin mako biyu.

Da farko abin gwanin sha'awa. Ruwa ya yi kore, kifi na ta walwala, na rage abincin da nake saya, har ina yi wa abokaina burga. Sannu a hankali koren ya yi kauri kamar miyar kuka. Kawu ya zo ya tsaya a bakin kandamin ya ce, "Kai yaro, wannan ruwan naka anya bai yi yawa da taki ba?" Na ce, "Kawu, ai haka ake so, ilimi ne." Ya yi shiru ya tafi.

Cikin watan Agusta aka yi kwana uku hadari ya rufe sama, rana ba ta leƙo ba. A rana ta huɗu, muna fitowa daga sallar asuba, yaron da ke taya ni aiki ya taho a guje. Ko da na isa, saman ruwan duk bakunan kifi ne suna haƙi, wasu sun riga sun juya ciki sama. Kafin mu samo injin ban ruwa mu tayar, sama da 300 sun tafi, kuma manyan ne suka fara mutuwa. Tarwaɗar nan kuwa ko a jikinsu. Ba cuta ba ce, ba guba aka zuba mini ba, duk da har zuciyata ta fara zargin mutane, Allah Ya yafe mini. Iskar numfashi ce ta ƙare a ruwan, kuma ni na jawo da hannuna.

To mene ne wannan koren?

Masana suna kiran su filankton. Kalmar daga harshen Girka take, ma'anarta mai gantali ko mai yawo, kuma wani masani Bajamushe, Victor Hensen, shi ya raɗa musu sunan a 1887. Halittu ne da ba su da ƙarfin yin iyo su saɓa wa ruwa, duk inda ya kwashe su nan suka nufa. Kashi biyu ne.

Na farko su ne masu kama da tsiro. Ƙwaya ɗaya ido ba ya ganin ta sai da madubin bincike, amma in sun taru miliyoyi su ne suke rina ruwa ya zama kore. Kamar ganyen dawa suke: suna amfani da hasken rana da sinadaran taki da ke narke a ruwa su haɗa abincinsu, su saki iskar oksijin. Ku bambanta su da gansakuka mai zare-zare da ke manne a bango ko take shimfiɗa a saman ruwa kamar tabarma. Waccan ba ita muke nema ba.

Na biyu su ne masu kama da dabba, 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ke kiwo a kan na farko. Wasunsu ido na iya gani. Ka ɗebi ruwan kududdufi a kwalba mai haske da sassafe, ka ɗaga ta wajen rana, za ka ga wasu ɗigo-ɗigo suna tsalle-tsalle. Su ke nan. Akwai rotifa, waɗanda suka fi ƙanƙanta, akwai moina da dafniya da ake ce wa ƙuman ruwa, akwai kuma kofifod.

Tsarin kamar na daji ne. Na farko su ne ciyawa, na biyu su ne awaki, ƙananan kifi su ci awakin, manya su ci ƙanana. A kowane mataki, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ci ne kawai yake wucewa gaba, sauran ya tafi a motsi da numfashi da kashi. Ke nan a ƙiyasi, kilo 1 na giwan ruwa yana tsaye ne a kan kamar kilo 10 na ƙananan kifi, su kuma a kan kilo 100 na ƙwarin ruwa, su kuma a kan kilo 1,000 na koren nan. Wannan lissafin shi ya sa kiwon kifin da ke cin kore kai tsaye, irin karfasa, ya fi sauƙin kuɗi a kan kiwon mai cin nama.

Daga teku zuwa kasuwar Rano

Wani zai ce mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, ina ruwanmu da ita? Ai kuwa da ruwanmu, har cikin aljihu.

Matsakaicin zurfin teku ya kai wajen mita 3,700, amma hasken da zai ishi tsiro ya rayu ba ya wuce mita 200 na sama, wannan ma a inda ruwa ya fi tsabta. A wannan 'yar fatar ta sama filankton masu kama da tsiro suke zaune, kuma su kaɗai suna samar da kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya duk shekara. Kusan duk abin da ke rayuwa a teku a kansu ya dogara. Dabbar da ta fi kowace girma a duniya, shuɗin wel, abincinta wasu 'yan jatan lande ne ƙanana da ake kira kiril, su kuma koren nan suke ci. Shawa da taitus ɗin da ake yanka mana a wurin masu kifin ƙanƙara, da sadin na gwangwani, duk a wannan saman tekun suka yi ƙiba. Man kifin da likitoci ke yabo ma, asalinsa daga waɗannan ƙwayoyi ne, kifi tarawa kawai yake yi.

Ga inda abin ya taɓa mu kai tsaye. Abincin kifi mai kyau, musamman na 'ya'yan kifi, akwai garin kifi a cikinsa. Ƙasar da ta fi kowace fitar da garin kifi ita ce Peru, a Kudancin Amurka. A gaɓar tekunsu iska tana tura ruwan sama gefe, ruwan ƙasa mai sanyi mai ɗauke da taki ya taso zuwa inda haske yake, filankton su yi yawa, wani ƙaramin kifi da ake kira ancobi ya cika wurin. In aka shiga yanayin da ake kira El Nino, ruwan ɗumi yana danne wannan tasowar, filankton su ragu, kifi ya watse. Haka ta faru a 1972 har kamun ancobi ya durƙushe, kuma a 2023 gwamnatin Peru ta soke zangon farko na kamun a babban yankin da suke su. A nan kusa da mu ma, gaɓar Muritaniya da Senegal tana da irin wannan tasowar ruwa, shi ya sa masana'antun garin kifi suka yi yawa a can. In garin kifi ya yi tsada a kasuwar duniya, sannan ga faɗuwar darajar naira tun 2023, kun ga dalilin da buhun abinci ya yi tashin gwauron zabo. Kuma kowa ya sani, abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon kifi.

Akwai wani abin mamaki kuma. Hazon da ke rufe mana Rano da Kibiya lokacin hunturu, mai yawa daga cikinsa yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Wurin a da can ƙarƙashin ruwa yake, lokacin da Tafkin Chadi yake da girman gaske. Farar ƙurar wurin mafi yawanta ɓawon filankton ne da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. Iska ta kwaso ta, ta wuce ta kanmu, ta zuba wani kaso a Tekun Atlantika, inda ƙarfe da fosfarus ɗin da ke cikinta suke zama taki ga filankton na yau. Wani kason har dajin Amazon yake kaiwa. Ƙurar da ke sa mu tari ita ce takin teku. Ikon Allah ke nan.

A yankin Kanem na Chadi kuwa, mata sun daɗe suna tace wani nau'in koren ruwa daga ƙananan tafkuna masu kanwa, su shanya shi ya zama gutsattsarin da suke kira dihe, a sa a miya. Shi ne sifirulina da yanzu ake sayarwa da tsada a kantunan Turai.

Tiga ita ce tekunmu

Ba sai mun je nesa ba. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, faɗinta ya kai wajen murabba'in kilomita 178. Wa yake zuba wa kifin Tiga abinci? Babu. Amma kullum masunta a Rurum da sauran garuruwan bakin ruwa suna fitowa da karfasa da ƙurungu da kawara da tarwaɗa. Haka a Ruwan Kanya. Rana da takin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki su ne suke ciyar da filankton, su kuma su ciyar da kifin.

Na taɓa zama da wani dattijo masunci a bakin ruwa ta wajen Rurum, na ce, "Baba, yaya kuke gane inda kifi yake?" Ya nuna mini cewa launin ruwa suke fara dubawa. Farkon damina in ruwa ya yi ja saboda laka, kamu yakan canza. In laka ta kwanta ruwa ya ɗan yi kore-kore, ƙananan kifi sukan taru a gefe-gefe inda ba zurfi, manya su biyo su. Bai taɓa jin kalmar filankton ba, amma abin da aka koya mana a aji shi yake faɗa. Laka tana tare haske, in babu haske babu kore, in babu kore babu abinci.

Kandaminka na ƙasa ƙaramar Tiga ce. Bambancin kawai, kai kana iya ƙara takin da hannunka, kuma kana iya wuce gona da iri.

Wa koren ruwa yake amfana, wa ba ya amfana?

A nan mutane da yawa suke ruɗewa, don haka a kula.

Karfasa tana tace koren ruwa kai tsaye ta ci. A kandamin ƙasa mai taki daidai, in ba a cika su da yawa ba, kamar 1 zuwa 2 a kowace murabba'in mita, za su iya girma da koren ruwa da ɗan ƙarin dusar shinkafa ko ta masara. Bargi ma yana tace ƙananan halittun ruwa da na cikin laka.

'Ya'yan tarwaɗa sabbin ƙyanƙyasa suna rayuwa da kwaiduwar da ke cikinsu na kamar kwana 3, daga nan sai su buɗe baki suna neman abu mai rai mai motsi daidai bakinsu. A nan moina da rotifa suke da daraja.

Amma babbar tarwaɗa ba ta cin koren ruwa. Mai tankin siminti ko na tamfol da ya zuba tarwaɗa ɗari-ɗari a ɗan wuri, kada ya ce zai zuba kashin kaji don ya rage abinci. Wallahi asara zai yi. Shi kashin kifinsa da ragowar abinci sun riga sun fi ƙarfin ruwan, aikinsa canza ruwa ne. Ɗan kore mara kauri a tanki ba laifi, yana ba kifi inuwa yana kuma shanye wani ɓangare na ammoniya, amma ba abinci ba ne.

Me ya kashe mini kifi?

Da rana koren nan yana sakin oksijin, har ruwa ya cika ya batse wajen la'asar. Da rana ta faɗi sai ya daina, ya koma shaƙa kamar kowa. Kifi na shaƙa, kore na shaƙa, ƙwayoyin da ke ruɓar da kashin kaji a ƙasan kandami su ma suna shaƙa. Babu mai zubawa, kowa ɗiba yake. Shi ya sa oksijin yake kaiwa ƙarshen ƙarancinsa daf da fitowar rana. Kifi ya fi sakewa in oksijin ya kai miligiram 5 a kowace lita, in ya sauko ƙasa da 2 karfasa ta fara shiga wahala. Ruwan ɗumi kuma bai kai mai sanyi riƙe iska ba.

In kore ya yi kauri sosai, na sama yana yi wa na ƙasa inuwa, sai ya zama tafin hannu ɗaya ne kawai na sama yake samar da iska, sauran duk masu ci ne. Sai hadari ya zo ya rufe rana kwana biyu ko uku. Ajiyar rana ba ta taru ba, kore ya fara mutuwa, mataccen ya ruɓe ya ƙara cinye iskar. Abin da ya same ni ke nan. Tarwaɗa ta tsira ne saboda Allah Ya yi mata wata gaɓa a bayan kunnenta da take shaƙar iskar sama kai tsaye. Karfasa ba ta da ita. 'Ya'yan tarwaɗa ma a kwanakinsu na farko ba su da ita tukuna, a riƙe wannan.

Awon da ba ya cin ko kwabo

Tun 1865 wani masanin taurari ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya gwada wani farin faifai da ake nutsawa a teku don a ga iya inda haske yake kaiwa. Har gobe da shi ake aiki. Kai ma za ka iya yin naka. Samo murfin bokitin fenti, ka yanke shi ya zama faɗin santimita 20, ka raba shi gida huɗu, biyu fari biyu baƙi. Kafa shi a ƙarshen sanda, ka yi wa sandar zane kowace santimita 10. Tsakanin hantsi da azahar ka nutsa shi a hankali, rana tana bayanka, ka duba inda ya ɓace maka.

In ya ɓace tsakanin santimita 30 zuwa 45 kuma ruwan kore ne, kana daidai, ci gaba da yadda kake yi.
In har ya wuce 60 kana ganinsa, ruwanka ba abinci, ƙara taki.
In ya ɓace kafin 25, dakatar da taki.
In ya ɓace kafin 20, kana bakin rami, rage abinci ka ƙara sabon ruwa a ranar.

Wanda bai yi faifai ba, hannunsa ya isa. Nutsa hannu tafi a buɗe yana kallon sama. In tafin ya ɓace daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, lafiya lau. In ya ɓace tun ruwa bai wuce tsakiyar damtsen ƙasa ba, ya yi kauri. Sai dai a lura, ƙasarmu ta nan akwai ja, da damina ruwa yana iya duhu saboda laka, ba kore ba. Ɗebi a kwalba ka ajiye ta kwana. In laka ce za ta kwanta a ƙasa. Ruwan laka taki ba ya gyara shi, sai ka tare kwararar ruwan gona, ka dasa ciyawa a kafaɗar kandami.

Launi ma magana yake yi. Kore mai haske kamar ɗanyen ganye, ko kore mai ɗan ruwan ƙasa, shi ake so. In ka ga wani abu kamar an zubar da koren fenti yana taruwa a gefen da iska ke kaɗawa, da wari, wannan mugun iri ne. Wasunsa suna da guba ga kifi da dabbobi, kuma irinsu ne suke sa naman kifi warin laka. Kwashe shi, ka dakatar da taki, kada awaki su sha. Ruwan da ya juye baƙi ko toka-toka dare ɗaya kuwa, koren ne ya mutu, a tashi tsaye.

Yadda nake sa taki yanzu

Kafin in cika kandami, ina barin ƙasansa ya bushe har ya tsattsage. In ƙasar mai tsami ce ina watsa farar ƙasar noma, kilo 10 zuwa 20 a kowace murabba'in mita 100. Sai in sa ruwa ta cikin raga don kada baƙin kifi da ƙwan kwaɗi su shigo.

Kashin kaji busasshe nake amfani da shi, ba ɗanye ba. Ina farawa da kamar kilo 3 a kowace murabba'in mita 100 a mako. Ba na watsa shi. A buhu nake ɗaurewa in rataya a kusurwa, kullum in girgiza, ruwan takin ya fita, dusar katako ta zauna a buhu in fitar da ita. Cikin mako guda zuwa kwana 10 ruwa yake kamawa. Daga nan faifai ne yake gaya mini in ƙara ko in dakata, ba son raina ba. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi da yawa a tashi ɗaya. Mai son takin zamani, ya narka shi a bokiti tukuna kafin ya watsa, don in ya zuba shi da ƙwayarsa laka ce za ta riƙe fosfarus ɗin.

Ba na sa taki in hadari ya yi kwana biyu a jere, ko hazo ya rufe rana. Ba na sawa a tsakiyar sanyin Disamba da Janairu, lokacin karfasa ma ta rage ci. Ba na sawa in ruwa yana shiga yana fita, don maƙwabci zan yi wa taki. Kuma ba na taɓa ɗaukar kashi daga ɗakin da kaji suke mutuwa ko ake ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mun san abin da murar tsuntsaye ta yi wa gonakin Kano tun 2006, kada a ɗauko ta a kai bakin ruwa inda tsuntsaye ke sauka.

Wasu sukan ce suna ƙyanƙyamin kifin da aka yi kiwo da kashin kaji. Fahimtata ita ce, ba kashin ake ba kifi ba, ruwa ake yi wa taki kamar yadda ake kai taki gonar masara. Shi ya sa nake sa shi a buhu, kuma nake cire shi mako 2 zuwa 3 kafin kamu, in ƙara sabon ruwa. Mai neman hukuncin shari'a a kai ya tambayi malaminsa, ya yi masa bayanin yadda ake yi dalla-dalla.

Ga masu ƙyanƙyasa

Gwangwanin atimiya da kuke saya da tsada, shi ma filankton ne. Ƙwan wani ɗan jatan lande ne na ruwan gishiri, mai yawa daga cikinsa daga babban tafkin gishiri na jihar Utah a Amurka ake kwaso shi. Yana da kyau ƙwarai, amma da dala ake sayo shi. Moina tana iya rage maka yawan wanda za ka buɗe.

Samo rabin duro ko ƙaramin tanki, ka ajiye inda rana ke samu rabin yini. Cika da ruwa, ka rataya dunƙule biyu na busasshen kashin kaji a tsumma. Cikin kwana 4 zuwa 5 zai yi kore. Da sassafe je kududdufin da ba kifi, ka ja ƙyalle mai laushi irin na gyale a gefen ruwa, za ka ga jajayen ɗigo sun taru. Tace su ta gidan sauro don ƙwari manya su tsaya, ka zuba a duronka. Bayan kamar mako guda za su cika shi. Ɗebi kashi ɗaya cikin uku kullum, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta kafin ka ba 'ya'yan kifi, kada ruwan takin ya shiga wurinsu. Rufe duron da raga saboda sauro, kuma ka yi duro biyu ko uku a jere, don ɗaya yakan mutu ba sallama. Ka fara mako biyu kafin ranar da za ka yi wa uwar kifi allura.

Mai renon 'ya'yan kifi a kandamin ƙasa kuma, kada ya bar ruwa ya daɗe kafin ya zuba su. Kamar mako guda bayan cikawa da sa taki, lokacin ƙananan ƙwarin sun yi yawa. In ka jira mako uku, talibambam da 'ya'yan mazari sun riga ka, su za ka ciyar.

In ka wayi gari kifi na haƙi a sama

Kada ka ba su abinci. Fitar da buhun taki. Tayar da injin ban ruwa, ka ja ruwan kandamin ka fesa shi sama ya dawo kamar ruwan sama, ko ka sa sabon ruwa ya zubo daga tudu yana fantsama. In da hali, zuƙe wani kaso na ruwan ƙasa ka maye da sabo. Ba inji? Ku shiga da bokitai da kwanuka kuna ɗiba kuna watsawa har rana ta fito sosai. In haƙin ya tsaya da fitowar rana, gargaɗi aka yi maka, gobe zai fi haka in ba ka gyara ba.

Abin da na koya mai tsada shi ne, kandamin ƙasa da asuba ake duba shi. Da la'asar kowane kandami lafiyayye ne. Tun daga waccan shekarar, daga masallaci bakin ruwa nake wucewa, da sandata mai faifai a jingine a bukka don awon hantsi. A daminar da ta biyo baya, a wannan kandamin dai, da taki daidai awo da dusar shinkafa da ɗan abincin kanti a watannin ƙarshe, na fitar da karfasata lafiya, kuma abincin da na saya bai kai rabin na farko ba. Kawu ya zo ranar kamu, ya leƙa ruwan, ya ce, "To, yanzu ne ilimin ya zauna."

Mai shirin haƙa kandami a bana, tun kafin ya sayi fingalin ya yanke murfin bokitinsa ya yi faifai. Wanda ruwansa ya riga ya yi kore, gobe da hantsi ya nutsa hannu ya gani, ya faɗa mana a ina tafinsa ya ɓace, da irin kifin da ke ciki da yawansu, sai mu duba tare.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya tsare mu da asara. Amin.